Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Rarraba Halittu Bisa Nasaba da Darasinsa ga Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

A jami'ar da nake koyarwa, wadda ke nesa da ƙasar Hausa, da wuya zangon karatu ya ƙare ba a sami ɗalibin da ya tambaye ni ko daga Larabci Hausa ta fito ba. Hujjarsa kullum ɗaya ce, wato yawan kalmomin Larabcin da yake ji a bakin Hausawa. Amsar da nakan fara ba shi ita ce ta magabata: kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya taƙaita wata matsala da ta ɗauki masana halittu fiye da shekara dubu biyu kafin su warware ta, wato yadda za a bambance kama ta zahiri da dangantaka ta jini. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin wannan warwara, daga zamanin da ake rarraba dabbobi da tsirrai bisa sifarsu zuwa lokacin da aka koma rarraba su bisa nasabarsu. Za a kuma nuna cewa masana harshe ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi, domin fannonin biyu sun yi ta aro daga juna, sun yi kurakurai iri ɗaya, kuma sun tsaya a kan ƙa'ida ɗaya. Bayanin zai tsaya a kan dabbobi da tsirrai da harsuna.

2.0 Rabo Bisa Kama

Kowace al'umma tana da nata tsarin rarraba halittu, kuma yawanci sifa da mazauni da amfani ne ma'auninsa. Bahaushe yana da dabbobin gida da namun daji da tsuntsaye da ƙwari da kifaye, shi ya sa jemage ya zame masa abin misali, don yana tashi kamar tsuntsu amma yana da haƙora da gashi, yana kuma shayarwa. A rubuce kuwa, Aristotal na ƙasar Girka, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, ya kasa dabbobi gida biyu: masu jini da marasa jini. Ya kuma lura cewa dolfin da babbar dabbar tekun nan da ake kira wel suna shaƙar iska suna shayar da 'ya'yansu, duk da cewa sifarsu ta kifi ce. A ƙarni na 9, Aljahiz na Basra a cikin Kitabul Hayawan ya raba dabbobi bisa motsinsu: masu tafiya, masu tashi, masu iyo da masu jan ciki. Shi kuwa Addamiri na Misira, wanda ya rasu a 1405, jera su ya yi bisa haruffan sunayensu, tamkar ƙamus.

Wanda ya kafa tsarin da ake bi har yau wajen naɗa suna shi ne Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin. A 1735 ya fitar da littafinsa Systema Naturae, inda ya tsara halittu mataki-mataki, waɗanda a wannan maƙala za mu kira daula da aji da sahu da gida da iri. Daga 1753 ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan iri, sa'annan a bugu na goma na littafin nasa a 1758 ya yi wa dabbobi haka. A wannan bugu ne ya cire wel daga cikin kifaye ya sa shi cikin masu shayarwa. Amma a nan ne kuma ya haɗa jemage da birai a sahu ɗaya. Tsirrai kuwa ya kasa su aji 24, galibi ta hanyar ƙirga sassan namiji na cikin fure, kuma shi da kansa ya yarda cewa wannan rabo na sauƙaƙa ganewa ne kurum. A 1789 Antoine Laurent de Jussieu na Faransa ya kawo tsarin da ya duba sifofi da yawa a lokaci ɗaya, ya tara tsirrai cikin dangogi 100.

Abin da ya rage ba a amsa ba shi ne dalilin da ya sa halittu ke shiga rukuni cikin rukuni haka. Linnaeus ya ɗauki aikinsa a matsayin bayyana tsarin da Mahalicci ya shimfiɗa. A 1843 Richard Owen na Ingila ya ƙara haske da ya bambance kama iri biyu. Ta farko ita ce ta ginin gaɓa, kamar yadda ƙasusuwan fiffiken jemage da na ƙafar gaban doki suke da tsari ɗaya ko da yake aikinsu daban. Ta biyu ita ce ta aiki kaɗai, kamar fiffiken tsuntsu da na fara. Da wannan aka gane cewa ba kowace kama ce ke da nauyi ɗaya a ma'auni ba.

3.0 Shigowar Nasaba

Masana harshe ne suka riga masana halittu amfani da nasaba a matsayin ma'aunin rabo. A 1786, a birnin Kalkata na Indiya, William Jones ya bayyana cewa kamar da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin a saiwoyin aikatau da tsarin nahawu ta wuce a ce dace ne, sai dai a ce tushensu ɗaya, wanda ƙila ya riga ya ɓace. A 1853 August Schleicher na Jamus ya zana dangantakar waɗannan harsuna a sifar bishiya mai gindi da rassa.

Charles Darwin ya yi irin wannan zane a littafin ajiye tunaninsa a 1837, amma bai fito da ra'ayinsa fili ba sai a 1858, tare da Alfred Russel Wallace, sa'annan a cikin littafinsa na 1859 game da asalin ire-iren halittu. Zane ɗaya tak ke cikin wannan littafi, kuma na rassan nasaba ne. Bayanin Darwin shi ne cewa rukuni cikin rukuni da Linnaeus ya gani alama ce ta tsatso: ire-iren da ke gida ɗaya kakansu na kusa ne, waɗanda ke aji ɗaya kuwa kakansu ya yi nisa. Saboda haka rabo na gaskiya dole ya zama na salsala. Abin sha'awa ga manazarcin harshe shi ne, da Darwin ya so ya fahimtar da masu karatu wannan batu, da harsuna ya buga misali, ya nuna cewa tsarin da ya fi dacewa da su shi ne wanda ya bi zuriyarsu, har da matattun cikinsu da kare-karensu.

Aron bai tsaya nan ba. Schleicher da masanin dabbobi Ernst Haeckel abokan aiki ne a Jami'ar Jena, kuma Haeckel ne ya ja hankalinsa ga littafin Darwin. A 1863 Schleicher ya wallafa wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa gare shi a kan ra'ayin Darwin da kimiyyar harshe. Shekara uku bayan haka, a 1866, Haeckel ya fitar da nasa bishiyoyin nasabar halittu, ya kuma ƙirƙiro wa fannin sunan da ake kiran sa da shi har yau, wato filojeni.

4.0 Tsani a Rigar Bishiya: Hausa da Rukunin Hamitik

Karɓar bishiya bai kawar da tsohon tunanin da ke jera halittu kamar matakan tsani ba, daga na ƙasa zuwa na sama. Bishiyoyin Haeckel kansu suna da gangar jiki guda da ke miƙewa zuwa ƙololuwa, kuma ya yi amfani da su wajen fifita wasu jinsunan mutane a kan wasu. Wannan tunani ya shiga nazarin harsunan Afirka, kuma ya shafi Hausa kai tsaye.

A 1880 Richard Lepsius ya sanya Hausa cikin harsunan da ake kira Hamitik, yana mai dogara ƙwarai da kasancewar jinsin namiji da tamace a nahawunta. A 1912 Carl Meinhof ya faɗaɗa rukunin, ya tara Hausa da Fulfulde da Somali da Masai na gabashin Afirka da Nama na kudancinta da wasu a inuwa ɗaya. Ma'auninsa ya gauraya sifar nahawu da launin fata da sana'ar kiwo, bisa zaton cewa jinsi a nahawu alama ce ta harshen da ya ci gaba, wanda wasu baƙi makiyaya suka shigo da shi nahiyar. A 1930 Charles Seligman ya kai abin ga cewa duk wata wayewa ta Afirka aikin waɗannan baƙi ne. Ke nan kuskuren rabo ya zama hujjar mulkin mallaka.

Joseph Greenberg na Amurka ne ya rushe wannan gini a jerin maƙalun da ya fara a 1949, waɗanda suka kai ga littafinsa na 1963. Ya ƙi karɓar launin fata ko sana'a ko tsurar sifar nahawu a matsayin shaida, ya ce abin dubawa shi ne kamar da ta haɗa sauti da ma'ana. Da haka Fulfulde ta koma wajen Serer da Wolof a cikin Neja-Kongo, Masai ta koma cikin harsunan Nilu, Nama ta fita, Hausa kuwa ta zauna cikin reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Misira. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka nuna daidaiton sautuka tsakanin harsunan Cadi, sa'annan a 1977 Newman ya raba su rassa huɗu, Hausa tana cikin na yamma tare da Bolanci da Tangale da Angas. Abin lura shi ne cewa Gwandara, wadda ita ce mafi kusa da Hausa, ba ta da jinsi a nahawunta. Da ma'aunin Meinhof aka bi, da an raba ta da 'yar'uwarta, kamar yadda mai ƙirga ƙafafu zai raba maciji da ƙadangare.

5.0 Ƙa'idar Sabon Abu

Ko bayan an yarda cewa nasaba ce ma'auni, akwai sauran aiki, domin babu wanda ya ga kakannin da idonsa. Ta yaya za a gane wanda ya fi kusa da wani? A tsakiyar ƙarni na 20 masana halittu sun rabu uku a kan wannan. Ernst Mayr da George Simpson sun ce a haɗa nasaba da gwargwadon canjin da rukuni ya yi. Robert Sokal da Peter Sneath, a littafinsu na 1963, suka ce a ƙirga dukkan sifofi a ba kowace nauyi ɗaya, waɗanda suka fi yawan kama su ne rukuni. Wannan ya yi daidai da ƙirgar kalmomi da Morris Swadesh ya kawo wa nazarin harshe a shekarun 1950.

Ra'ayi na uku na Willi Hennig ne, Bajamushe masanin ƙudaje, wanda ya fara rubuta littafinsa yana fursunan yaƙi a Italiya a 1945. An buga shi da Jamusanci a 1950, amma bai yi tasiri ba sai da aka fitar da shi da Ingilishi a 1966. Hennig ya ce kamar da aka gada ma iri biyu ce. Akwai tsohon gado, wanda ya samo asali daga kaka mai nisa, kuma wannan ba ya nuna kusanci. Akwai kuma sabon abu da ya ɓullo a jikin kaka na kusa, zuriyarsa kaɗai suka gada, kuma shi ne shaida. Bugu da ƙari, bai yarda a kira taro rukuni ba sai ya ƙunshi kaka da dukkan zuriyarsa.

Alal misali, kada da damo sun yi kama: ƙafa huɗu, fata mai ɓawo, jiki mai bin zafin wuri. Amma duk waɗannan tsohon gado ne. Kada da tsuntsu kuwa sun yi tarayya a ƙundu da zuciya mai ɗaki huɗu da gina sheƙa da tsaron 'ya'ya. Bisa ƙa'idar Hennig, kada ya fi kusa da zabo a kan damo, kuma binciken baya ya tabbatar da haka. Akwai kama ta uku da ba ta gado ba ce sam, wadda yanayin rayuwa ke haifarwa. Bushiya da beguwa duk suna da ƙaya, amma beguwa 'yar sahun ɓera da gafiya ce, bushiya kuwa da jaɓa take dangi.

Masana harshe sun riga sun san wannan ƙa'ida, domin Karl Brugmann ya bayyana ta tun 1884, cewa sabon canjin da harsuna suka yi tare shi kaɗai ke nuna reshe. Muna da misalinta a gida cikin dokar da August Klingenheben ya bayyana a 1928, ta raunanar baƙi a ƙarshen gaɓa. Canjin da ya ba mu talauci daga tushen talaka ya game dukkan kare-karen Hausa. Wanda ya mayar da zamna zuwa zauna, da sabka zuwa sauka, ya tsaya ga kare-karen gabas irin su Kananci. Saboda haka zauna shaida ce ta haɗin waɗanda ke faɗin ta. Amma kasancewar Basakkwace da Bakatsine suna cewa zamna bai isa ya sa su a reshe ɗaya ba, tunda abin da kowa ke faɗi ne a da suka riƙe.

6.0 Shaidar Sinadarin Gado

Gano ginin sinadarin gado na DNA a 1953 ya buɗe wata taska, domin jerin sinadaran kamar rubutu yake, ana iya jera na halittu biyu a ƙirga inda suka saɓa. A 1965 Emile Zuckerkandl da Linus Pauling suka nuna cewa waɗannan jeri takardun tarihi ne. A 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois suka gano cewa ƙananan halittun da ake yi wa kuɗin goro da sunan bakteriya zuriya biyu ne masu nisa da juna, abin da ya kai Woese a 1990 ga kasa dukkan masu rai gida uku: bakteriya da arkiya da masu ƙwayar halitta mai cibiya. A 1993 aka kawo shaidar cewa naman kaza da fumfuna sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai.

Sakamakon ya taɓa halittun da muka sani. A shekarun 1990 aka gano cewa dorina ce mafi kusa da wel a cikin dabbobin da ke raye, kuma a 2001 aka bayyana ƙasusuwan tsofaffin wel masu ƙafafu daga Pakistan, waɗanda idon sawunsu irin na masu rababben kofato ne. Tun da can masana ginin jiki sun haɗa giwa da ayu da agwada, sai a 1998 shaidar DNA ta ƙara musu dabgi da wasu ƙananan dabbobi a zuriya ɗaya da ta tashi a Afirka, aka sa mata suna Afrotheria. A ɓangaren tsirrai, sabon tsarin da aka fara fitarwa a 1998 ya tara kuka da rimi da goro da lalo, waɗanda a da ke dangogi daban-daban, cikin dangin Malvaceae tare da kuɓewa da auduga da rama da yakuwa. Ashe miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo daga zuriya ɗaya suke.

Sauyin ya zo da rigima. Bincike ya nuna cewa itatuwan da ake tarawa a gidan Acacia ba zuriya ɗaya ba ne, dole a raba su. Bagaruwa ce asalin mai riƙe da sunan, amma a taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 aka mayar da shi ga itatuwan Ostareliya, waɗanda suka kusa iri dubu, aka kuma tabbatar da hukuncin a Melbon a 2011 duk da ƙorafin masana da dama, ciki har da na Afirka. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara Senegalia senegal, gawo kuwa da ma an ware shi a matsayin Faidherbia albida.

7.0 Iyakar Bishiya

Bishiya tana nuna rabuwa, ba ta nuna haɗuwa. Tun 1872 Johannes Schmidt, ɗalibin Schleicher, ya nuna cewa canji kan bazu tsakanin harsunan da ke maƙwabtaka kamar yadda igiyar ruwa ke bazuwa. Masana halittu sun tarar da irin wannan daga baya, da suka gano cewa bakteriya na musayar sinadarin gado tsakanin ire-iren da ba dangi ba, kuma ta haka ne jure wa magani ke yaɗuwa a cikinsu. Wannan shi ne aro a duniyar halittu, kuma aikin manazarci shi ne ya tace shi kafin ya zana reshe.

A nan ne amsar ɗalibina take. Littafi da alƙali da alƙalami aro ne daga Larabci, kasuwa ma daga can take ta hanyar Barebari. Amma aikatau mutu, da wakilan suna ka da ki, da harafin t na tamace a cikin ta, da ɗafa-goshin ma- na mabuɗi da masallaci, wanda ke da takwara a miftahu da masjidu, suna cikin shaidun da ake kafawa na tsohon gadon Afro-Asiya. Hausa da Larabci 'yan'uwa ne na nesa waɗanda suka sake haɗuwa ta hanyar addini da fatauci, ba uwa da 'ya ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda rarraba halittu ya tashi daga sifa ya koma nasaba, da yadda nazarin harshe ya ba da bishiya da ƙa'idar sabon abu tun kafin masana halittu su daidaita su. Aron ya juyo, domin tun daga aikin Russell Gray da Quentin Atkinson na 2003 a kan harsunan Indiya da Turai ake amfani da lissafin kwamfuta na masana halittu wajen gwada rassan harsuna. Abubuwa biyu ne suka rataya a wuyanmu. Na farko, mai rubuta ƙamus ko littafin kimiyya da Hausa ya daina kwafe sunayen Latin daga tsofaffin ayyuka irin na J. M. Dalziel na 1916 ba tare da tantancewa ba, domin da yawa sun canza, alhali sunan Hausa yana nan inda yake. Ya kuma kiyaye rabon Bahaushe a matsayinsa na ilimin al'ada, kada ya gauraya shi da rabon nasaba. Na biyu, kafin mu ce harshe kaza ɗan'uwan kaza ne, mu tambayi kamar da muka gani: tsohon gado ce, ko sabon abu, ko aro, ko dace? Tarihin Hamitik ya isa ya nuna mana abin da ke biyo bayan tsallake wannan tambaya.